Daga Kwalejin Al'umma zuwa Jami'a a Amurka: Makomar Kiredit ɗin Malaman Ƙananan Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci asarar kiredit da malaman ƙananan yara ke yi a Amurka idan sun tashi daga kwalejin al'umma zuwa jami'a neman digirin farko. An dogara a kan rahotannin hukumomi, da binciken masana, da dokokin jihohin Filorida da Kalifoniya da Ilinoi. An gano cewa jami'a kan karɓi kiredit ta shigar da shi cikin takardar sakamakon ɗalibi, amma ta ƙi lissafa shi cikin sharuɗɗan digiri, kuma yarjejeniyar da ta ɗauki shirin karatu gaba ɗaya ta fi wadda ake tantance kwas ɗaya bayan ɗaya amfani.

1.0 Gabatarwa

A Amurka, digirin farko kan ci kiredit kusan 120 cikin shekara huɗu, ƙaramin digirin kwalejin al'umma kuwa kusan 60 cikin shekara biyu. A lissafi, wanda ya gama kwaleji ya ci rabin tafiya. Ta wannan ƙofa yawancin masu renon yara da koyar da su ke shiga karatu mai zurfi, domin kuɗin makarantar da sauƙi, kwalejin na kusa da gida, kuma akwai azuzuwan dare.

Matsin neman digiri ya ƙaru ne daga sama. Dokar da ta sabunta shirin Head Start na ilimin ƙananan yara a 2007 ta wajabta cewa zuwa 2013 aƙalla rabin malaman shirin a faɗin ƙasar su mallaki digirin farko. A 2015 kuma, rahoton haɗin gwiwa na Cibiyar Nazarin Likitanci da Majalisar Bincike ta Ƙasa ya ba da shawarar digirin farko ya zama mafi ƙarancin shaida ga duk babban malamin ajin yara, daga haihuwa zuwa shekara takwas. An ɗora wannan buƙata a kan ma'aikatan da matsakaicin albashin masu renon yara a cikinsu bai kai dala 15 a awa ba a 2023.

2.0 Girman asarar

Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, GAO, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Waɗanda suka tashi daga kwalejin gwamnati zuwa jami'ar gwamnati sun rasa kashi 22. Monaghan da Attewell (2015) sun nuna cewa kashi 58 ne kawai na masu tsallakawa suka tsira da kusan dukan kiredit ɗinsu, kashi 14 kuwa kusan daga farko suka sake. Damar kammala digiri ga rukunin da ya tsira da nasa ta ninka ta wanda ya rasa fiye da rabi sau biyu da rabi. Jenkins da Fink (2016) sun ƙara da cewa kashi 14 ne na masu shiga kwalejin al'umma ke samun digirin farko cikin shekara shida.

Waɗannan alƙaluma na ɗalibai ne baki ɗaya, kuma mafi yawansu kiredit ɗin da aka karɓa suke ƙirgawa. A ganin wannan maƙala, ma'aunin yana ɓoye ɓarnar da ta fi cin malaman yara.

3.0 Inda kiredit ke salwanta

Ƙaramin digiri iri biyu ne. Akwai AA da AS, waɗanda aka tsara domin mai niyyar wucewa jami'a, cike da darussan gama-gari irin su Turanci, lissafi, kimiyya da tarihi. Akwai kuma AAS, wanda aka tsara domin mai shiga aiki kai tsaye, kuma kwasa-kwasan sana'a ne suka mamaye shi. Malamar da ke aiki a gidan renon yara AAS ta fi buƙata, domin shi ke koya mata abin da za ta yi a aji gobe da safe. Shi ne kuma jami'o'i suka daɗe suna kallo a matsayin karatun da ya ƙare a kwaleji.

A ɗauki misalin malamar da ta zo da kwas ɗin bunƙasar yaro, da na lura da yara da rubuta bayanansu, da na tsara manhajar wasa, duk masu lambar mataki na 100 ko 200. Jami'a na koyar da makamantansu a mataki na 300 da 400, cikin shekarun ƙarshe biyu. Ofishin rajista zai karɓi kwasa-kwasanta, ya jera su a rukunin darussan zaɓi. Sashen ilimi, wanda shi ke da ta cewa kan sharuɗɗan digiri, zai ce ta sake su a matakin sama, sannan ta koma ta biya bashin lissafi da kimiyyar da AAS bai nema ba. A takarda ba ta rasa komai ba, amma shekara biyun da suka rage mata sun zama uku ko fiye, balle ga mai haɗa karatu da aiki. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya kuwa iyakarsa zango 12 ne a rayuwar ɗalibi, don haka kowane kwas da aka maimaita yana cin rabon na gaba.

Malaman jami'a na da hujjarsu: su ne ke sa hannu cewa ɗalibi ya cancanci lasisin koyarwa na jiha, ba za su tsaya wa abin da ba su gani ba. Hujjar na da nauyi. Sai dai ba a cika faɗin ɗaya ɓangaren ba, wato kowane kwas da aka yafe kuɗi ne da ya kuɓuce wa sashe.

Shaidar CDA ta masu renon yara, wadda aka fara bayarwa a 1975 kuma take buƙatar awa 120 na horo da awa 480 na aiki da yara, ita ma makomarta na hannun kowace kwaleji: wata ta musanya ta da kiredit, wata ta ƙi.

4.0 Matakan jihohi

Filorida ta riga saura. Yarjejeniyarta ta 1971 ta tabbatar wa mai AA gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar, kuma tana da tsarin lambar kwas na bai-ɗaya. Amma tabbacin na AA ne, bai kuma haɗa da shiga sashen da ɗalibi ke so ba. Daga 2001 jihar ta buɗe wata ƙofa, ta bar kwalejoji su ba da digirin farko da kansu, har Kwalejin Miami Dade na bayar da shi a fannin ilimin ƙananan yara. Wanda bai bar makarantarsa ba, ba shi da abin da zai zube a hanya.

Kalifoniya ta kafa ƙaramin digirin tsallakawa da dokar 2010, wanda ke ba mai shi matsayin ɗalibin shekara ta uku a Jami'ar Jihar Kalifoniya. Malaman kwalejojin jihar sun kuma daidaita kwas takwas na ilimin yara, masu kiredit 24, domin abin da ake koyarwa ya zo ɗaya.

Ilinoi ce ta fuskanci AAS gaba da gaba. Dokarta ta 2021 ta kafa haɗakar kwalejoji da jami'o'i kan ilimin ƙananan yara, ta kuma umarci jami'o'in gwamnati su ba mai AAS a fannin, wanda ya cika sharuɗɗa, matsayin ɗalibin shekara ta uku. Wannan ya sauke wa ɗalibi nauyin bin ofisoshi da takardun bayanin kwas, ya ɗora wa makarantu nauyin daidaita manhajojinsu.

5.0 Koyarwar gwaji

Ko a inda kiredit ya tsallake lafiya, lasisin koyarwa na buƙatar kusan zango guda na koyarwar gwaji, da rana, galibi ba albashi, kuma sau da yawa a makarantar da jami'a ta zaɓa. Malamar da ta shekara goma a ɗakin jarirai sai ta ajiye aikin da ke ciyar da ita domin ta nuna ta iya tsayuwa a aji. Shirin tallafi na T.E.A.C.H., wanda ya faro a Karolina ta Arewa a 1990, yana rage raɗaɗin ta hanyar biyan kaso na kuɗin karatu da sama wa malama wasu awannin hutu daga aiki. Wasu jami'o'i kuma sun fara yarda a yi gwajin a wurin aikin ɗaliba, muddin akwai ƙwararren mai sa ido kuma ajin na cikin shekarun yaran da lasisin ya ƙunsa.