Daga Kere Zuwa Bindigar Toka: Yadda Maharban Ƙasar Kunci Suke Ba Yaro Makaminsa na Farko

Gabatarwa

Abin da ya jawo rubuta wannan maƙala wata tambaya ce da ƙanena ya kawo mini bayan an gama girbin gero. Yana da yaro mai shekara 13 wanda ya fara bin 'yan farauta, ya kuma matsa lamba a saya masa bindiga. Sai ya ce da ni, "Yaya, kai da ka tashi a hannun Baffa, wacce ce ta fi dacewa da shi, 'yar gajera ko doguwa?" Ban ba shi amsa a ranar ba, domin na lura tambayar ta tsallake wasu tambayoyi da magabatanmu suke fara yi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda bindiga ta shigo hannun maharban ƙasar Kano, da matakan da yaro yake bi kafin a damƙa masa ita a ƙasar Kunci, da kuma abin da ya rage na wannan tsari. Na dogara ne da abin da aka rubuta na tarihi, da kuma abin da na gani a gidan ƙanen mahaifina, wanda maharbi ne har ƙarshen rayuwarsa.

Maharba da 'Yan Farauta

Da farko ya kamata a bambance mutane iri biyu da ake yawan haɗawa. 'Yan farauta su ne waɗanda suke fita cikin taro da rani, bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da kere da gora da makaɗa. Akwai farautar yini, akwai kuma ta kwana. Maharbi kuwa mai sana'a ne, galibi ta gado, yana shiga daji shi kaɗai ko da yaronsa, yana sanɗa, wani lokaci da kan burtu ɗaure a goshinsa domin ya yaudari dabba. Shugabansu shi ne Sarkin Baka, kuma sunan sarautar kansa ya isa shaida cewa kwari da baka ne asalin makamin sana'ar.

Naman da maharbi yake alfahari da shi a wannan yanki shi ne barewa da gada. Dattawan da na tarar sun ce iyayensu sun harbi gwanki da kanki a dazuzzukan da ke tsakaninmu da Kazaure da bakin Kogin Gari. Zomo da zabo da fakara da gafiya kuwa abin koyon yara ne.

Shigowar Bindiga Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), kuma Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara kafa rukunin 'yan bindiga masu tsaronsa. Tun kafin wannan, a ƙarni na 16, Mai Idris Alooma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera igwa a Zinder, kuma ƙauyukan arewacin Kano sun ɗanɗana hare-haren Damagarawa a zamanin Sarki Alu (1894-1903). Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan lokaci bindiga kayan fada ce da kayan yaƙi. Talaka manomi ba ya mallakar ta, balle ya ba ɗansa.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels, suka taƙaita sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogi na zamani, amma suka bar cinikin masu ƙanƙara da albarushinsu. Bayan Turawa sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, yaƙe-yaƙe suka ƙare, irin wannan tsohuwar bindiga ta gangaro daga fada zuwa hannun maharba. Maƙeranmu suka koyi gyara ta, daga baya suka koyi ƙera ta, har da bututun sitiyarin tsofaffin motoci. Ita ce ake kira bindigar toka, ko harba-ka-ruga, saboda ta baki ake ɗura ta, kuma in ka harba sau ɗaya sai ka sake zama ka ɗura. Idan dabbar mai faɗa ce kuma ka kuskure, gudu ne ya rage maka.

Matakan da Yaro Yake Bi

A gidan Baffa, yaro ba ya fara sana'a da ƙarfe. Yana ɗan shekara 6 ko 7 ake ba shi majaujawa, daga baya da tayoyin mota suka yawaita sai danƙo ya maye gurbinta, a tura shi korar tsuntsaye a gonar gero. A nan ake fara gane mai saiti da mai haƙurin zama wuri ɗaya.

Mataki na biyu shi ne kere da kare. Yaro mai kimanin shekara 10 yana bin manya, yana ɗauke da gorar ruwa da abin da aka kama. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to a wannan mataki ne yaro yake cin gudun. Ana kuma duba yadda yake yi idan rigimar nama ta tashi, domin a dokar farauta wanda ya fara jifa ko wanda karensa ya fara kamawa yana da haƙƙi, kuma a kan wannan ne aka sha zubar da jini tsakanin ƙauyuka.

Mataki na uku shi ne baka, da kibau na kyauro marasa dafi. A nan yaro yake koyon sawu, da bambanta kashin gada da na akuya, da sanin inda iska take kaɗawa domin kada dabba ta ji warinsa. Sai ya shekara biyu ko uku a haka kafin a bar shi ya taɓa kibiya mai dafin kwankwani, domin kuskure da ita ba shi da gyara.

Bindiga ita ce ta ƙarshe. Ban ga Baffa ya ba wani ɗansa ita ba sai da ya isa noma gayaunarsa, wato ya kusa aure ko ya riga ya yi. Na taɓa tambayarsa dalili, ni da nake ganin na iya saiti. Ya ce da ni, "Kai yaro, ba idonka nake dubawa ba, zuciyarka nake dubawa. Baka kafin ka ja tsirkiya fushinka ya ragu. Wannan kuwa yatsa ɗaya ne." Ya gaya mini abubuwa uku da yake jira ya gani: yaro ya ga dabba mai ciki ko mai shayarwa ya ƙyale ta ba tare da an ce ya ƙyale ba, a ƙwace masa nama a wurin farauta ya kawo ƙara wurin manya maimakon ya ɗaga gora, ya kuma iya dawowa gida hannu rabbana ba tare da ya yi ƙarya ba.

Zaɓen Bindigar Kanta

Idan yaro ya cika waɗannan sharuɗɗa, sai uba ya tafi da shi wurin maƙeri. Ba a saya masa ta kasuwa da ba a san wanda ya ƙera ba. Maƙeri zai auna tsawon hannunsa daga kafaɗa zuwa yatsa domin gindin bindigar ya zauna daidai, ya kuma duba nauyin da zai iya riƙewa ba tare da bakin yana rawa ba. Ana fara shi da ƙaramar ɗura, ta zabo da zomo, kafin ya kai ga ta gada. Sabuwar bindiga kuma ba a fara harba ta a kafaɗa. Ɗaure ta ake yi a jikin bishiya, a ja kunamar da igiya daga nesa, a ga ko bututun zai jure.

Na ga abin da tsallake wannan yake jawowa. Jim kaɗan bayan farin 1973, wani ɗan uwanmu da bai wuce shekara 15 ba ya saci fita da bindigar wansa. Ya ga nama ya yi wuya, sai ya ƙara albarushi domin ta kai nesa. Bututun ya fashe a hannunsa, ya rasa yatsu uku na hagu. Ya rayu ya yi iyali, amma bai sake riƙe garma kamar sauran mutane ba. Baffa bai ɗora laifin a kan yaron ba, ya ɗora shi a kan wanda ya rataye bindiga a ɗure a inda hannun yaro zai kai.

Haka kuma akwai ladubban addini da ake haɗawa da koyon. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya yi bayanin hukuncin farauta: a ambaci sunan Allah lokacin harbi, kuma farauta domin wasa kawai makaruhi ce. Hadisi ingantacce kuma ya hana Musulmi nuna ɗan uwansa da makami. Waɗannan su ne farkon abin da ake faɗa wa yaro ranar da aka miƙa masa bindiga.

Abin da Ya Canja

Abu na farko da ya canja shi ne dajin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, jama'a ta ƙaru, aka sare saura da kurmi aka mayar gonaki. Mai bincike Michael Mortimore ya yi nazarin cunkoson gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma kusan kowane taƙi duk shekara ba hutu. Wannan yanayi ya game ƙasarmu. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara kore abin da ya rage. A yau yaro zai girma a Kunci ko Shuwaki bai taɓa ganin barewa tana gudu ba. Saboda haka matakan da na ambata sun rasa filin koyonsu, mai son nama babba sai ya yi doguwar tafiya zuwa wasu jihohi.

Abu na biyu shi ne doka. Turawa sun kafa dokar kare namun daji a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, aka kuma keɓe wurare irin su Yankari da Falgore inda aka hana farauta. Dokar Bindigogi ta 1959 ta ambaci bindigar toka a cikin jerin makamanta, ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin riƙe bindiga. A nan doka da al'ada sun haɗu a wuri ɗaya, domin shekarun da Baffa yake jira ba su gaza haka ba.

Abu na uku shi ne yadda ake kallon mai bindiga. Matsalar tsaro ta sa duk wanda aka gani da ita abin zargi ne. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare wata mota da ta ɗauko mafarauta 'yan Jihar Kano suna dawowa gida bikin Sallah, aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, gungun mutane suka kashe 16 daga cikinsu. Duk uban da zai rataya wa ɗansa bindiga ya tura shi nesa, ya kamata ya tuna da wannan rana.

Ba mu kaɗai ne muke da irin tambayar ƙanena ba. A Amurka iyaye suna tattauna wace bindiga ce ta dace da yaro a farautarsa ta farko ta wata dabba mai kama da barewa, suna duba tsawon gindi da ƙarfin dukan kafaɗa, kamar dai yadda maƙerinmu yake yi. Amma su sun gina abubuwa biyu a ƙarƙashin tambayar. Jihar New York ta wajabta wa sababbin mafarauta kwas na koyon riƙe makami tun 1949, sauran jihohi suka bi. Tun 1937 kuma aka ware harajin bindigogi da harsasai domin raya namun daji, har dabbar da ta kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20 ta koma miliyoyi. Wato abin da dattawanmu suke yi da baki da ido, su sun mayar da shi makaranta da asusu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa a wurin maharban ƙasar Kunci, zaɓen bindigar farko ƙaramin aiki ne na yini ɗaya a maƙera. Babban aikin shi ne shekaru goma na tarbiyya da suke gabansa. Shawarata ga malaman makaranta ita ce su riƙa gayyatar Sarkin Baka na yankinsu ya yi wa ɗalibai bayanin sawu da sunayen dabbobi da itatuwa da dokokin farauta, a kuma rubuta abin da ya faɗa, domin masu wannan ilmi suna ƙarewa. Ga dattawa kuma, kada a bar bindiga a ɗure a cikin gida, kada kuma a ba yaro ita don ya matsa.

Amsar da na ba ƙanena daga baya ita ce, ya bar maganar gajera da doguwa tukuna. Na ɗauko masa bakan Baffa da ke rataye a ɗakina, muka sa aka yi mata sabuwar tsirkiya, muka kai yaron wurin wani tsohon maharbi da ya rage a ƙauyenmu. Yaron bai ji daɗi ba, ya yi kwanaki ba ya gaishe ni da sakin fuska. Na ce da mahaifinsa idan ya cika shekara 17, kuma tsohon ya ce ya yarda da halinsa, sai mu nemi izinin hukuma, ni da kaina zan raka su maƙera. Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu.