Zinariyar Asante: Mai Kaya Ya Zama Mai Aro

A ranar 4 ga Fabrairun 1874 rundunar Birtaniya ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley ta shiga Kumasi. Sarkin Asante na lokacin, Kofi Karikari, ya riga ya fice daga garin. Sojoji suka kwashe abin da suka iya ɗauka na zinariya da kayan sarauta, suka tarwatsa fada da nakiya, suka cinna wa gari wuta. Bayan haka aka ƙulla yarjejeniyar Fomena, wadda ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya. An yi gwanjon wani ɓangare na kayan a Cape Coast, wani kuma ya faɗa hannun dillalan kayan ado a Landan, daga nan ya shiga gidajen tarihi. A 1896 Turawa suka sake komawa, suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, suka sake kwasar kaya.

Mu Hausawa ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Tun shekarun 1860 Kyaftin John Glover ya fara ɗaukar Hausawa aikin soja a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Da irinsu aka yi yaƙin 1874. Kafin wannan kuwa, fatakenmu sun daɗe suna sayen goron Asante a Salaga, malaman Musulmi kuma suna rubuta wa fadar Kumasi wasiƙu da layu. Muna cikin masu hulɗa da gidan, muna kuma cikin waɗanda aka zo da su don a rushe shi. Shi ya sa nake ganin maganar ta shafe mu.

A 1974, da abin ya cika shekara 100, Sarki Opoku Ware na Biyu ya nemi a dawo da kayan. Ba a dawo da su ba. Sai a 2024 kayayyaki 32 suka iso Kumasi: 15 daga Gidan Tarihin Birtaniya, 17 daga gidan tarihi na Victoria da Albert. A cikinsu akwai takobin sarauta da ake kira Mponponsuo, da lofe na zinariya, da faya-fayan zinariya da wasu bayin fada ke ratayawa a ƙirji. Aka baje su a gidan tarihin fadar Manhyia a watan Mayu, lokacin bikin cikar Sarki Osei Tutu na Biyu shekara 25 a kan gado.

Amma ba mayarwa aka yi ba, aro aka bayar na shekara uku, da damar ƙara wasu uku. Hujjar Ingila ita ce dokokinta, musamman ta 1963, sun hana Gidan Tarihin Birtaniya rabuwa da abin da ke hannunsa. To, wa ya yi dokar? Majalisar ƙasar da ta aiko da sojojin. Hannun da ya ƙulla shi zai iya kwancewa. Gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya mayar da kayan Asante guda bakwai a 2024, ba da sunan aro ba. Faransa ma sai da ta yi sabuwar doka kafin ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan Dahomey guda 26 a 2021.

Masu adawa da mayarwa suna cewa a Turai an fi iya adana kayan, kuma duniya ta fi ganinsu a can. Ban raina maganar adanawa ba, don mun san yadda gara da ɓarayi da sakaci suke cin kayan tarihi a ƙasashenmu. Wannan nauyi ne a kanmu. Amma wace duniya ce ke ganinsu? Ɗalibin Kumasi da ba zai samu bizar Ingila ba, shi ba ya cikin duniyar? Kuma takobin da hakimai ke riƙewa su yi wa sarki rantsuwar mubaya'a ba don kallo aka ƙera shi ba. Duk wanda ya san matsayin tambari a fadar Hausa zai gane cewa tambarin da aka kulle cikin gilashi ya daina magana.

Ban ga laifin fadar Asante da ta karɓi aron ba. Da babu gara ba daɗi, yara sun ga aikin maƙeran kakanninsu da idonsu. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A ganina ya kamata a juya lamarin: abin da aka tabbatar an ɗauka da bakin bindiga ya koma hannun masu shi, sannan Landan ta nemi aro daga Kumasi in tana so.