Wanki, Ajiya da Maidowa

A shagon gyaran kwamfuta, idan laftof ta ƙi tashi ko ta yi nauyi, mai gyara kan ce, "Yaya, sai dai fa a yi mata fomat." In ya ga ba ka gane ba, sai ya ƙara da cewa, "Wanke ta za mu yi." Kalmar nan ta wanki kullum makarantar allo take tuna mini. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, an tabbatar karatun ya zauna a ka. Can, adanawa ce ke gaba, wanki na biye. A shago kuwa sau da yawa wankin ake fara yi, sannan a tuna da abin da ke kan allon.

Ga shi wankin ma ba wanki ba ne sosai. A tsohon faifai mai juyawa, fomat na gaggawa jerin sunayen fayiloli da adireshinsu kawai yake sharewa, kamar a yage shafin da ke nuna abin da ke cikin littafi a bar sauran shafukan. Rubutun yana nan har sai an ɗora wani a kansa, shi ya sa wanda aka wanke wa kwamfuta bisa kuskure ake cewa ya kashe ta nan take. Sabon faifai na SSD shi kan share gurbin da kansa, don haka tsammanin ceto a wurinsa kaɗan ne.

Inda na fi jin ciwo shi ne kalmar bakof, wadda muke fassarawa da ajiya. Ajiya a wurin Bahaushe abu ne da ke barin hannunka ya koma wani wuri: ka ba maƙwabci buhun gero, ɗakinka ya zama babu gero. Haka ƙanwata ta fahimta. Ta kwashe aikinta na kammala digiri ta zuba a filas, ta goge na cikin laftof, hankalinta kwance wai ta yi ajiya. Ranar da filas ɗin ya ƙi buɗewa, ina gefenta tana zare shi tana hura bakinsa tana sake sokawa, har aka kira magariba. Abu ɗaya take da shi, wuri kawai ya sauya. Bakof kuwa sai abu ya zama biyu, a wurare biyu. Wanda ya ce maka "na zuba maka a D" ma a bincika, don galibi C da D ɗakuna ne a faifai guda, in ya mutu tare za su tafi. Ni dai na fi son a ce kwafin ko-ta-kwana. Yana da tsawo, amma kwafi ya nuna akwai na asali, ko-ta-kwana kuma ya faɗi amfaninsa.

Maidowa ita ma suna ɗaya ce, aiki iri-iri. System Restore, da Microsoft ya fito da shi a Windows Me a shekarar 2000, tsarin Windows da manhajoji yake mayarwa yadda suke a wata rana ta baya, ba ya dawo da hoto ko takardar da ta ɓace. Masu dawo da fayiloli su ne irin File History, da ya zo da Windows 8 a 2012, da Time Machine na Apple tun 2007, wanda sunansa ke nufin injin komawa baya a zamani. Su ma sai in an kunna su tun kafin ɓarna, an haɗa musu faifai na waje.

Yanzu in mai gyara ya ce mini zai maido komai, nakan tambaye shi daga ina. Sannan in roƙe shi ya buɗe mini fayil ɗaya daga cikin kwafin, in gani da idona a wata kwamfutar, kafin ya taɓa tawa.