Matan Baker Lake da Suka Ɗinka Tarihinsu da Allura

A can arewacin Kanada, a yankin Nunabut, akwai wani ƙaramin gari mai suna Baker Lake, wanda 'yan ƙabilar Inuwit ke kira Qamani'tuaq. Garin ya yi suna a duniya saboda ƙyallayen ado da matansa ke ɗinkawa ana ratayewa a bango, ɗauke da siffofin mutane da dabbobi.

Tun kaka da kakanni, rayuwar mutanen nan ta dogara ne ga karibu, wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara. Maza su yi farauta, mata su jeme fata su ɗinka tufafi da jijiyar dabbar. A wurin da sanyi ke kashe mutum, ɗinkin mace shi ne tsaron ran mijinta.

A shekarun 1950 garkunan karibu suka yi ƙaranci a wuraren da aka saba tarar da su, yunwa ta halaka mutane da yawa. Waɗanda suka tsira suka baro daji suka tare a gari. Cikinsu har da Jessie Oonark, wadda aka haifa a 1906, ta iso Baker Lake a 1958 bayan mutuwar mijinta, ba ta da komai sai gwanintar hannunta.

A gari ne matan suka mayar da wannan gwaninta kan yadin ulu mai kauri da ake kawowa daga kudu. Sai mace ta yanka siffofi daga wani ƙyalle mai launi daban, ta jera su bisa yadin, ta kafe gefunansu da ƙananan ɗinki, sannan ta bi da zaren surfani ta fitar da ido da gashi da zanen fuskar mata. Nan za ka ga mafarauci cikin kwalekwale, can karnuka na jan kaya bisa ƙanƙara, ga kuma boka yana rikiɗewa ya zama tsuntsu.

A 1973 Oonark ta ɗinka wani ƙaton ƙyalle mai faɗin kusan mita 6 domin Cibiyar Fasaha ta Ƙasa da ke Ottawa. A 1984 aka ba ta lambar girmamawa ta Kanada, ta rasu a 1985. Marion Tuu'luq ta shahara da cika yadi maƙil da fuskoki da dabbobi, har babban gidan zane na ƙasa ya baje ayyukanta a 2002. Ita kuwa Irene Avaalaaqiaq tatsuniyoyin da kakarta ta ba ta take ɗinkawa.

Waɗannan mata sun ga rayuwar da suka taso a cikinta tana ɓacewa, suka ƙi bari ta tafi ba shaida. Duk mai son sanin yadda Inuwit suka rayu kafin zaman gari, dole ya nemi aikin hannunsu.