Zayyanar Alƙur'ani a Ƙasar Gwandu

Zayyana ita ce adon da marubuta ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu da kuma allon sauka. Fitacciyar siffarta zane ne mai kusurwa huɗu, cike da sarƙaƙƙun layuka da launuka, wanda in an dube shi sai a ce darduma ce aka shimfiɗa a kan takarda. Masu zane na Farisa da Turkiyya sun fi son furanni da rassa, na ƙasar Hausa kuwa sun karkata ga da'ira da dara da igiyoyi masu harɗe juna.

Sana'ar ta girmi jihadin Shehu Usmanu, Barno ma ta daɗe da suna a kanta. A Gwandu ta sami gindin zama bayan Shehu Usmanu ya sauka garin a 1805, daga baya kuma ƙanensa Malam Abdullahi, mai tafsirin Liya'ut Tawili, ya riƙi yammacin daula. Malamai da almajirai suka taru, kwafar littattafai ta zama abin yi. Ko Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1853 zamanin Sarki Halilu, a Gwandu ya ci karo da kwafin Tarihus Sudan.

A wancan zamani, takarda daga Italiya fatake ke kawo ta ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku. Tawada kuwa a gida ake haɗa ta: baƙa daga 'ya'yan bagaruwa da ƙaro, sai ja da rawaya da kore, duk a dama da ruwa a shafa da alƙalamin kara. Kowane launi da aikinsa: ja na wasali, rawaya ta hamza. Ƙananan zane a gefen shafi suna nuna hizifi da sumuni da wurin sujada, manya kuma kan raba Littafin kashi huɗu. In an gama, sai a adana warƙoƙin cikin gafaka.

Yaɗuwar bugun inji, musamman na Madina tun daga 1984, ta rage masu rubuta Alƙur'ani da hannu. Inda zayyana ta fi saura yau a Gwandu da Kalgo da sauran garuruwan masarautar shi ne allon da ɗalibi ke riƙewa ranar saukarsa. Tsofaffin kwafi na hannun iyalan malamai, kuma suna buƙatar kariya daga gara da danshi.