Yadda Talakawa Suka Shiga Wasan Sarakuna

Turawan Ingila suna yi wa sukuwar dawaki kirari da wasan sarakuna, kirarin nan kuwa yana da asali. Sarki Charles na Biyu, wanda ya zauna gadon sarauta daga 1660 zuwa 1685, ya kan kwashi fadawansa ya tafi wani gari wai shi Newmarket, a yi kwana da kwanaki ana tsere, har shi kansa ya kan hau ya shiga cikin 'yan sukuwa. Sarauniya Anne kuma ita ta sa aka share filin sukuwa na Ascot a 1711. Mu nan ƙasar Hausa ba sai an yi mana dogon bayani ba, gama mun san doki da sarauta tare su ke tafiya, wanda duk ya taɓa kallon hawan salla ya shaida haka. To, labarin da za mu ba ku yau, ya ku 'yan makaranta, shi ne na yadda masu ƙaramin ƙarfi suka sami ƙofar shiga wasan nan ta wajen haɗa kuɗi su mallaki doki guda, da kuma abin da ya ke jawo su ga yin haka.

Da fari sai ku san dalilin tsadar dokin sukuwa. Irin da a ke yin manyan tsere da shi a Ingila da Amurka guda ne, in an bi salsalarsa ta wajen uba kuwa, sai ta tuƙe ga ingarmu uku waɗanda aka kawo daga ƙasashen Musulmi. Na fari shi ne Byerley Turk, wanda ya zo wajen ƙarshen ƙarni na 17. Na biyu Darley Arabian, wanda aka sayo a birnin Halab na ƙasar Sham, aka kawo shi Ingila a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya biyo ta Faransa ya iso wajen 1730. A 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya buga littafin da a ke rubuta asalin kowane doki, da uwarsa da ubansa da kakanninsa. Tun daga nan duba haƙori bai isa ciniki ba, sai an duba littafi. Bayan kuɗin saye kuma ga ladan mai horo, ga yaran barga, ga hatsi da ingirci, ga likitan dabbobi, ga maƙerin da ke sa wa doki takalmin ƙarfe, ga kuɗin shiga tsere, ga na mahayi. Yawancin dawaki kuwa har su tsufa ba su kan ciwo abin da zai biya cinsu ba. Kun ga ashe nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, in ba basarake ko babban attajiri ba.

Raba mallakar doki ba sabon abu ba ne. A 1764 aka haifi wani duƙushi a bargar wani ɗan sarkin Ingila, aka sa masa suna Eclipse, watau husufi, domin a shekarar nan an yi husufin rana. Da ubangijinsa ya rasu aka yi gwanjon dawakinsa, sai wani dillalin dabbobi na Landan, William Wildman, ya saye shi gini 75. Gini ɗaya shi ne fam guda da sule guda. Da dokin ya fara tsere a 1769 aka ga babu mai kama ƙurarsa, sai wani mutumin Ailan mai suna Dennis O'Kelly ya sayi rabinsa gini 650. Shekarar da ta biyo ya sayi ɗaya rabin gini 1,100. Sau 18 Eclipse ya shiga tsere, ba a taɓa wuce shi ba. Amma ku lura, tarayyar nan ta 'yan kasuwa ce, ɗaya yana so ya rage hasara in ta zo, ɗaya yana haƙon riba.

Haka abin ya daɗe yana hannun masu dukiya, har ya kai matuƙa a ƙarni na 20. A farkon 1973 wani attajirin Amurka, Christopher Chenery, ya rasu ya bar wa 'ya'yansa barga da harajin gado mai nauyi. Cikin dawakinsa akwai wani ja mai suna Secretariat. 'Yarsa Penny ta yarda a kasa haƙƙin barbarar dokin kashi 32, kowane kaso dala 190,000, jimla ta kama dala miliyan 6 da dubu 80. Waɗanda suka saya sun yi kasada, domin a sa'an nan dokin bai shiga manyan tseren shekarar ba tukuna. Sai ga shi ya cinye dukan manyan tsere uku na Amurka, a na ukun ma ya ba na bayansa ratar tsawon doki 31.

Ba kullum a ke kwana a gado ba. Aga Khan yana da wani doki, Shergar, wanda ya ci tseren Derby na Ingila a 1981 da ratar tsawon doki 10. Aka ƙiyasta shi fam miliyan 10, aka kasa shi 40, kowane kaso fam 250,000, Aga Khan ya riƙe 6. Ran 8 ga Fabrairu 1983 waɗansu mutane da bindigogi suka shiga bargarsa a Ailan da dare, suka tafi da shi, suka ce sai an ba su fansar fam miliyan 2. Ashe doki ba na mutum ɗaya ba ne da zai yanke magana shi kaɗai. Masu kaso suka ƙi biya, don tsoron kada satar dawaki ta zama sana'a. Daga ranar nan Shergar bai sake komowa bargarsa ba.

Wanda ya fara buɗe wa sauran jama'a ƙofa sosai a Amurka shi ne Cot Campbell. A 1969 ya shiga sayen dawaki yana kasa su, yana sayar wa mutanen da ba su taɓa mallakar doki ba, shi kuwa ya ɗauki wahalar kula da barga da lissafi. Da fari tsofaffin masu dawaki ba su ɗauki abin da daraja ba, amma a 1990 dokin ƙungiyarsa, Summer Squall, ya ci tseren Preakness, ɗaya daga manyan ukun nan. Waɗansu suka bi sawunsa. A 2003 wani dandaƙaƙƙen doki mai suna Funny Cide, wanda aka saya dala 75,000, ya ci Kentucky Derby, ya kuma ci Preakness. Masu shi mutum goma ne, shida daga cikinsu abokai ne tun suna makaranta a wani ɗan ƙaramin gari, Sackets Harbor, cikin jihar New York. Ranar tsere manya suka zo cikin motocin alfarma, su kuwa suka yi hayar rawayar motar ɗaukar 'yan makaranta, suka cika ta da iyali da abokai. Mutanen Amurka suka riƙa jin kamar dokin nasu ne su duka.

Labarin da ya fi kowanne daɗin ji daga ƙasar Wales ya fito, daga wani ƙauye wai shi Cefn Fforest, inda dā a ke haƙar kwal, aka rufe ramukan, aiki ya yi wuya. Akwai wata mace can, Janet Vokes, mai aikin hidima a kulob ɗin ma'aikata, wadda ta saba da kiwon tattabarun tsere da karnukan gudu. Ta ji wani yana ba da labarin dokin da suka taɓa haɗa kuɗi suka saya, sai ta ƙudura ita ma sai ta yi. Ita da mijinta suka sayi wata goɗiya da 'yan fam ɗari kaɗan, suka kai ta barbara, ta haifi duƙushi a 2001. A wani ɗan fegi bayan gari aka yi renonsa. Mutum 23 na yankin suka yarda kowa ya riƙa ba da fam 10 kowane mako, aka sa wa doki suna Dream Alliance, watau ƙawancen masu mafarki, aka kai shi wurin wani gwanin horo, Philip Hobbs.

Dokin ya fara ci, sai a 2008 a filin Aintree agararsa ta ƙafar gaba ta tsinke cikin tsere. Irin raunin nan sau da yawa harbe doki a kan yi don a hutar da shi. 'Yan ƙungiya suka yarda a kwashi kuɗin da ya ciwo musu a yi masa wani sabon magani mai tsada ƙwarai. Ya warke, ya koma fili, a watan Disamba 2009 ya ci babban tseren tsallake shinge na ƙasar Wales a filin Chepstow. Da ya bar sukuwa aka yi lissafi, aka fid da ɗawainiya, abin da kowa ya tashi da shi bai wuce wajen fam 1,400 ba, bayan shekarun nan duka. Ko leburan da ya yi wannan jimiri a wurin aiki ya fi haka samu.

A zamanin intanet kason ya ƙara ƙanƙancewa. Dokin da ya ci Kentucky Derby a watan Satumba 2020, mai suna Authentic, wani kamfani, MyRacehorse, ya sayi wani yanki nasa ya kakkasa, ya sayar da kowane kaso dala 206. Kaso guda kuwa ɗaya ne cikin 100,000 na dokin, bai fi a ce mutum ya mallaki 'yan silin gashin wutsiya ba. Duk da haka mutane fiye da 5,000 suka saya.

To, in riba ba ta taka kara ta karya ba, mene ne ke jawo su? Mu a ganinmu abu uku ne. Na fari, sauƙin kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, abin da zai karya mutum guda, in an raba wa ashirin sai kowa ya ɗauka yana dariya, in doki ya karye kuma hasarar ba ta rushe gidan kowa ba. Na biyu, girma. Mai ƙaramin kaso ya kan sami labarin lafiyar doki daga mai horo, a kan ba shi damar ziyarar barga, wani lokaci ya shiga da'irar da a ke zagayawa da dawaki kafin tsere, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan sarauta, babu mai ce masa matsa can. Na uku, wanda ya fi sauran, zumunci. Mutanen Cefn Fforest sun sami abin da zai tara su, da abin hira, da abin sa rai, a wurin da rufe ramukan kwal ya bar mutane zaune. Kalmar da suka saya da fam gomansu ita ce "dokinmu". Wanda ya ke da kaso guda, in doki ya miƙo ya nufi ƙarshen fili, ihunsa bai gaza na mai doki sukutum ba, domin kuɗi a ke kasawa, murna kuwa kowa cikakkiya ya ke samu.

Mu ma muna da irin dabarar nan. Ku tuna da watanda, yadda mutanen unguwa su kan haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa nama, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba, har wanda ba shi da ikon sayen akuya ya kai tsoka gida. Bambancin shi ne, watanda a yini guda a ke gama ta, kowa ya san abin da zai samu. Doki kuwa rai gare shi, kullum sai ya ci, kullum sai an biya, kuma babu wanda ya isa ya yi alkawarin zai zo na fari.

Saboda haka akwai abubuwa uku da mu ke so ku riƙe daga tarihin nan. Kada ku gama mallakar doki da caca. A filayen sukuwa na Turai ana yin caca ƙwarai, ta kuwa tsiyata gidaje da yawa, malamanmu na masallaci da na majami'a duk sun hore mu a kanta. Mai kaso cikin doki ɗawainiyar dabba ya ɗauka, mai caca kuwa kuɗin wani ya ke haƙo. Sa'an nan, duk tarayyar da za ku shiga in kun girma, ko ta doki ce, ko ta mota, ko ta gona, ku rubuta sharuɗɗanta tun ana shiri: nawa kowa zai ba da, wa zai riƙe lissafi, wa ke da ikon yanke magana ran da wahala ta zo. Masu Shergar sun ga ranar nan, mutanen Wales ma sun gan ta. Na ƙarshe, kada mutum ya zuba cikin irin wannan sha'ani abin da in ya salwanta iyalinsa za su kwana da yunwa.

Sarki Charles shi kaɗai ya ke da dawakinsa. Bayan shekara ɗari uku da 'yan kai, ga ma'aikatan ƙauye 23 sun tsaya a fili ana miƙa musu kofin nasara. Dokin bai rage tsada ba, mutane ne suka koyi amincewa da juna a kan kuɗi, suka kuma cika alkawarin mako-mako shekara da shekaru. Wannan kuwa ilmi ne da zai amfane ku ko da ba ku taɓa sa ƙafa cikin likkafa ba. Allah ya ba mu abokan tarayya masu amana, amin.