Yadda Aka Ci Ƙarfin Makantar Kogi

Makantar kogi wata tsutsa ce ke haddasa ta, baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu kuwa shi ke yaɗa ta. Uwar tsutsar kan kwanta cikin ƙulli a ƙarƙashin fata shekara goma ko fiye tana haihuwa. Ƴaƴanta ke kutsawa cikin ido. In sun mutu a can, kumburi ya bar tabo a tantanin gaban ido, gani ya dushe sannu a hankali. Domin gano cutar, likita kan tsinke ɗan fata a ƙugu ya duba da madubin awo.

Saboda ita manoma suka ƙaurace wa bakin kogin Volta, duk da albarkar ƙasarsa. A 1974 aka kafa shirin yaƙi da ita a Wagadugu, da ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar da Gana. Dabarar ta haƙuri ce: a yi ta fesa wa koguna magani daga sama, a hana ƙudan tashi, har tsutsotsin da ke jikin mutane su mutu da tsufa. A 1987 kamfanin Merck ya fara bayar da ƙwayar Mectizan kyauta.

A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ce ta fara kawar da cutar a Afirka.